Ruwan Da Aka Hana Ba Khalilu

Da hantsi ledar ƙarin ruwa ta huɗu ta ƙare. Hanifa, ma'aikaciyar jinya, ta rataya ta biyar, sannan ta murza ɗan makullin da ke jikin robar ƙarin ruwan, har ɗigon ya koma ɗaya bayan ɗaya, sai mutum ya ƙura ido kafin ya ga faɗuwarsa.

"Me kika yi yanzu?"

Ya Meram ce ta yi tambayar daga kan tabarmarta a gindin gadon. Tun asuba ba ta ɗauke ido daga hannun Hanifa ba.

"Na rage gudun ruwan ne, Ya. Likita ne ya ce a rage."

"Likita ne ya ce, ko ke kika ce wa likita?"

Hanifa ta gyara zaman ledar. Tun jiya da azahar take tsaye a kan ƙafafunta, wadda za ta karɓe ta aiki ɗanta ya kwana da zazzaɓi, dole ta zarce. Idanunta sun yi jajir, bayanta kamar an ɗora mata buhu.

Wanda ke kwance a gadon Ba Khalilu ne, mijin Ya Meram, mahaifin Al-Amin. Al-Amin kuwa shi ne mutumin da Hanifa ta shekara uku tana jiran a bar shi ya aure ta.

Ba Khalilu manomin tattasai ne a bakin kogin Komadugu, ta wajen hanyar Geskeru. Kwana goma sha biyu ke nan da ya taka wani tsohon ƙarfe a magudanar gonarsa, ya ɗaure wurin da tsumma ya ci gaba da ban ruwa, don shi a ganinsa tattasai ba ya jiran ƙafar kowa ta warke. Sai da ya fara kiran sunayen mutanen da suka daɗe a kabari aka ɗauko shi. Ƙafar ta kumbura har gwiwa, jiki zafi rau, gubar mikin ta shiga jini, tansiyo, wato ƙarfin bugun jini, ya faɗi warwas.

Dokta Abbakar ya sa aka auna shi, kilo sittin. Ya ce a ba shi allurar kashe ƙwayar cuta nan take, a bi da ruwa gwargwadon nauyinsa, leda huɗu cikin awa uku. Hanifa ce ta yi komai da hannunta. Tansiyon ya ɗan ɗago, tsohon ya buɗe ido ya gane ta, har ya motsa leɓe.

"Ke ce, 'yata? To, alhamdulillahi."

Amma da ta ɗora abin sauraro a bayansa sai ta ji ɗan ƙaras-ƙaras a ƙasan huhu. Ruwa ya fara neman inda ba wurinsa ba. Likitan ya zo ya saurara shi ma, ya ce a tsaya haka nan, a jona maganin ɗaga tansiyo a ɗaya hannun, ledar nan ta biyar kuwa ta kai shi har gobe.

Wannan ne abin da Ya Meram ba za ta taɓa fahimta ba, kuma ba ita kaɗai ba. A Diffa, idan ka kwanta asibiti ba a yi maka ƙarin ruwa ba, dangi cewa za su yi ba a duba ka ba. Da yawan leda ake auna kirkin likita. Ana komawa gida ana fahari, "Wane ai leda tara ya sha," kamar wanda ya ci gasar kokawa.

Ga shi kuma dama zuciyar Ya Meram ba ta taɓa kwanciya da Hanifa ba. Yarinyar da ta tsallako kogi daga Damasak ita da uwarta da ƙullin kaya ɗaya, shekarar da rikici ya watsa garin, wa ya san asalinta? Kuma aikinta taɓa jikin mazan mutane. Ba Khalilu ne kaɗai ya tsaya mata. Shi ya yanka wa mahaifiyarta fangali biyu a gonarsa lokacin da ba su da ko tukunya, shi ya ce da bakinsa idan an gama tsinkar tattasan bana zai tura manya su nema wa ɗansa aurenta, wanda zai ji haushi ya ji.

Duk duniya ba wanda ya kai Hanifa son tsohon nan ya tashi. Amma wa zai gaya wa Ya Meram haka ta yarda?

Ana cikin haka sai ga Zubairu ya yi sallama, ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa, kwali niƙi-niƙi a kafaɗa.

Zubairu ɗan wan Ya Meram ne. Yana da shagon magani a kasuwa, ya taɓa share wata shida yana riƙe wa wani malamin asibiti tire, tun daga nan ya zama likitan unguwa, yana bi gida-gida yana rataya wa mutane ruwa a jikin ƙusa. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Sau biyu yana aika wa Hanifa da maganar aure tana maido masa da kayansa. Abin dariyar shi ne, Ya Meram da ta ce Hanifa ba ta da asalin shiga gidanta, ba ta ga laifin ta shiga gidan wanta ba, in dai za ta sakar mata ɗa.

Ya sauke kwalin a ƙarƙashin gado. Wasu na zuwa dubiya da lemo da ayaba, shi ledojin ruwa goma sha biyu ya kawo.

"Gwaggo, ya mai jiki?" Ya ɗaga kai ya dubi ledar da ke rataye, ya riƙe haɓa. "Af! Wannan ruwan tafiya yake ko barci? Malama Hanifa, ko ruwan sarom ɗin ya ƙare muku ne? Ga shi nan na kawo, kyauta."

"Ba rashin ruwa ba ne, Zubairu. Ya sha abin da jikinsa zai ɗauka."

"Mutumin da tansiyonsa ya faɗi? Ni ko mai gudawa leda shida nake ba shi ya miƙe." Ya juya ga gwaggonsa ya sassauta murya, irin sassautawar da ake yi don kowa ya ji. "Ni dai ban ce komai ba. Amma dubi leɓensa, a bushe."

Ya Meram ta fashe da kuka.

"Na sani! Wallahi na sani! Ni ce na ƙi ki, ba shi ba. Idan fansa za ki ɗauka ki ɗauka a kaina, me bawan Allahn nan ya yi miki ban da alheri?"

Hanifa ta durƙusa a gabanta, gwiwoyinta har suna ƙara don gajiya.

"Ya, ki saurare ni don Allah. Kin fi ni sanin noma. Idan ruwa ya kwanta a fangali ya ƙi tsanewa, me yake yi wa tattasai? Huhun Ba ya fara jiƙewa. In na ƙara masa, numfashinsa zai toshe, kuma ba mu da injin da zai yi masa numfashi a nan."

"Mijina ba tattasai ba ne!" in ji Ya Meram, ta ture hannunta. "Kin ji ta ko, Al-Amin? Ubanka take haɗawa da kayan miya."

Al-Amin na tsaye a bakin ƙofa tun ɗazu, dogo, rigarsa duk taɓon gona. Ya yi wa Hanifa alama da kai, ta bi shi baranda.

Suka tsaya a gefen barandar. Rana ta fara zafi, masu jinya sun baje a inuwar bishiyar bedi, wasu na fifita da marfin kwano.

"Hanifa, ki ƙara masa ko leda ɗaya ce."

"Kai ma?"

"Ba wai ban yarda da ke ba ne. Don idon mutane. Kin ga yadda Ya take. Shekara uku ina lallaɓa ta a kanki, yau rana ɗaya komai zai rushe. In kika buɗe ruwan nan ya tashi, wallahi da bakinta za ta ce a ɗaura."

"In kuma na buɗe bai tashi ba fa?"

Ya kawar da kai.

"Gaya mini, Al-Amin, mahaifinka kake so in yi wa magani, ko zuciyar mahaifiyarka?" Hawayen da take riƙewa tun safe suka zubo, ba ta ko share su ba. "Na gaji. Wallahi na gaji. An ce ba ni da asali na haƙura. An ce aikina ƙazanta ne na haƙura. Ranar sunan ɗan yayarka a tsakar gida aka bar ni tsaye kamar mai tallan goro, na koma gida na ce wa Innata an karɓe ni hannu bibbiyu. Abu ɗaya ne na iya a duniya, wannan aikin. Shi ma sai an karɓe mini?"

"Ba haka nake nufi ba."

"Yanzun nan ya yi fitsari, ka sani? Rabin kofi ne, amma na ji kamar in yi guɗa. Ƙodarsa ta fara farkawa ke nan. Ka ba ni zuwa gobe da safe kawai."

Ya sa gefen hannun rigarsa ya goge ido.

"Uwata ce, Hanifa. Tana kallona tana cewa na zaɓi mace na bar ubana yana mutuwa da ƙishi. Ya zan yi da raina?"

"Ka zauna a bakin gadon. Kar ka bar kowa ya taɓa makullin nan, musamman Zubairu. Abin da nake roƙonka ke nan."

"Na ji. Ba mai taɓawa."

Ana wata ga wata. Ba ta ko koma ɗakin ba ta ji ana ƙwala mata kira daga ƙofar asibiti. Motar 'yan kasuwar kifi ce ta kife a hanyar Boso, an kwaso mutum tara, biyu jini na zuba kamar an yanka rago. Ma'aikata uku ne rak a wurin, har da likita. Hanifa ta leƙa ta ga ɗigon na tafiya yadda ta bar shi, ta ga Al-Amin zaune a bakin gado, ta ruga.

Ta ɗinke goshi, ta ɗaure karaya, ta nemo jijiya a hannun da jijiya ta ɓace. Ta ji kiran sallar azahar kamar daga wani gari. Duk lokacin da ta ce bari ta je ta duba Ba, sai wani ya riƙe mata riga. Awa biyu da rabi suka wuce a haka.

Da ta komo, tun daga baranda ta ji numfashin.

Ba Khalilu na zaune a gado, Al-Amin ya tallafe shi ta baya, yana jan iska da kafaɗu da wuya da komai nasa, iskar ta ƙi shiga. Kumfa mai ɗan ja-ja na fitowa ta gefen bakinsa. Hanifa ta ɗaga kai. Ledar da ke rataye ba irin ta asibiti ba ce, kuma ruwan ba ɗiga yake ba, zuba yake.

Ta damƙe makullin ta rufe. Ƙafarta ta taka wani abu a gefen tabarma, ta duba, ledoji biyu ne wayam, an cusa su ƙarƙashi.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! A kira Dokta! A kira Dokta Abbakar!"

"Ta sake rufewa!" Ya Meram ta ɗora hannu a ka. "Jama'a ku zo ku gani, ta sake rufewa!"

Sun yi abin da za su iya. An sa masa iskar oksijan, an yi allurar fitar da ruwa, an sake yi. Likita ya yi maganar kai shi Damagaram, shi da kansa ya janye maganar, don ya san tafiyar kusan yini ce, tsohon kuwa ko ƙofar gari ba zai kai ba. Hanifa na riƙe da hannunsa tana masa kalmar shahada a kunne, tana jin bugun jijiyarsa na ƙanƙancewa a ƙarƙashin yatsunta.

Kafin la'asar Ba Khalilu ya cika.

Kuka ya ɓarke. Dangi daga Geskeru da na cikin gari sun riga sun cika harabar, Ya Meram ta fito tsakiyarsu mayafi na jan ƙasa, ta nuna Hanifa da yatsa.

"Ga ta nan! Tun safe ta hana shi ruwa, jijiyoyinsa suka bushe. Da aka samu aka ba shi, lokaci ya riga ya ƙure. Mutumin da ya ba uwarta gona! Al-Amin, in ka sake ambaton sunan yarinyar nan a gabana, ban yafe maka nonon da ka sha ba."

Hanifa ta waiwaya. Idonta Zubairu yake nema, ta hango shi yana shigowa yana salati da ƙarfi. Ta sha gabansa.

"Ka kashe shi, hankalinka ya kwanta? Likita zai rubuta takarda, sunanka zan bayar."

Ya ware hannuwa, kuma a karo na farko tun da ta san shi, ba ta ga alamar ƙarya a fuskarsa ba.

"Ni? Tun sha biyu ina shago, ki tambayi duk 'yan layinmu. Na dai faɗi ra'ayina na tafi. Hannuna bai taɓa robar nan ba, na rantse da Alƙur'ani."

Ta zagaya bayan ɗakin marasa lafiya, inda famfo yake. Ta buɗe ta sa hannuwanta a ƙarƙashi, ta manta abin da ta zo wankewa. So take ta kwanta ko a kan simintin nan ne, ta yi barcin kwana uku, ta farka a ce mata mafarki ta yi.

"Hanifa."

Ba ta juya ba, ta san muryar.

"Ni ne."

"Na san kai ne."

"A'a. Ni ne na buɗe."

Sai a lokacin ta juya. Al-Amin ya jingina da bango, fuskarsa ta zama ta wani mutum dabam, tsoho.

"Bayan kin tafi ya ce ƙishi yake ji. Sau biyu ya faɗa. Ya ta kama ƙafafuna, Hanifa. Mahaifiyata ta durƙusa ta kama ƙafafuna tana cewa in ji tsoron Allah. Na ce bari in ɗan murza kaɗan, kaɗan kawai. Sai na ga kamar ya ji daɗi, ya rufe ido. Da ledar ta ƙare Ya ta miƙo mini ta cikin kwalin. Na sha ganin yadda kike canzawa, sai na canza. Na sake canzawa." Ya share hawaye. "Na ɗauka in kin dawo kin tarar ya samu sauƙi, shi ke nan, Ya za ta ce ruwan Hanifa ne ya tashe shi. Don mu na yi. Wallahi don mu na yi."

Ruwan famfon na ta zuba, ba wanda ya tuna ya rufe.

Ya matso, ya tsaya dab da ita, abin da bai taɓa yi a bainar jama'a ba.

"Ke kaɗai zan tambaya, ke kaɗai zan yarda da maganarki. Ki dubi girman Allah ki gaya mini gaskiya. Ni na kashe Ba?"

Hanifa ta dube shi.

Ta san amsar da littafi zai bayar. Cikin mutum goma da ake kawowa a irin halin da aka kawo tsohon, huɗu ko biyar ba sa komawa gida, ko me aka yi musu. Rai na Allah ne, ba likitan da zai dafa littafi ya rantse. Amma ta ga fitsarin nan da idonta. Ta ji tansiyon na ɗagowa da yatsunta. A can ƙasan zuciyarta ta san abin da ta sani.

In ta faɗa, ta wanku. Gobe duk Diffa za ta san ba 'yar gudun hijira ce ta kashe Ba Khalilu ba. Shi kuwa wannan da ke tsaye a gabanta, zai ɗauki gawar ubansa a kafaɗa yau, kuma ba zai taɓa sauke ta ba har ranar da za a ɗauki tasa. Ta san shi. Mutumin da ya kwana uku bai ci abinci ba don ya take ɗan akuya da mota.

Tausayinsa ya rufe ta, haushinsa ya rufe ta, son da take masa ya danne su duka biyun, kuma ta ji haushin son ma.

"Ba kai ba ne," ta ce a hankali. "Ciwon ya riga ya yi nisa tun kafin a kawo shi. Ruwan da ka buɗe bai yi masa komai ba."

"Ki rantse."

"Na gaya maka, ba kai ba ne."

Ya sulale a jikin bangon ya zauna dirshan a ƙasa, ya rufe fuska yana kuka kamar ƙaramin yaro, yana maimaita alhamdulillahi, alhamdulillahi. Hanifa ta rufe famfon, ta tsaya a kansa tana jira. Ta yi zaton abin da ya fi wuya ya wuce ke nan.

Can kukan ya lafa. Ya goge fuskarsa da tafin hannu, yana kallon ƙasa, ta ga tunani na tafiya a goshinsa sannu a hankali. Sannan ya ɗago kai. Ba fushi a idonsa, da ma fushin ne da ya fi mata sauƙi.

"To, Hanifa, in ruwan ba ya cutar da shi, me ya sa kika hana shi tun da safe?"

Ta buɗe baki. Amsar na nan a kan harshenta, kalma huɗu ko biyar ce kawai, kuma ta san inda za ta sauka in ta sake ta.

Ta rufe bakinta.

Daga can gaban asibitin muryar Ya Meram ta taso, ta dushe saboda kuka, tana kiran Al-Amin ya zo a ɗauki mahaifinsa, kada la'asar ta wuce ba a kai shi ba.

Ya miƙe tsaye. Ya ƙara ba ta ɗan lokaci, yana kallon bakinta, yana jira. Da ya ga ba abin da zai fito, sai ya gyaɗa kai sau ɗaya, ya kaɗe ƙurar wandonsa, ya bi muryar mahaifiyarsa.